Sunuka A Babban Tebur: Me Ya Sa Ake Karɓar Kuɗin Awa?

'Yan uwana ɗalibai, duk mai buga sunuka a cikinmu ya san iri biyu ne na biya. A ƙaramin tebur, irin na rumfar bakin kasuwa ko na bayan hostel, gem ake biya, kuma kamar yadda muke cewa a gida, wanda ya faɗi shi ka biya. A babban tebur kuwa, irin wanda ake samu a otal-otal da wuraren shaƙatawa na manyan garuruwa, agogo ake dubawa. Da yawanmu na ɗaukar wannan a matsayin wayon mai wuri. Ni ɗan Bagudo ne, a ƙaramin tebur na koyi riƙe sanda, na kuma buga a babba bayan na zo makaranta. Ina so in warware mana lissafin da ke bayan kuɗin nan, don kowa ya san abin da yake saye da kuɗin abincinsa.

Sunuka ko ful?

Mu fara gyara suna. Abin da muke kira sunuka a Najeriya, mai ƙwallo 15 masu lamba da baƙa mai lamba 8 da ake ci a ƙarshe, a wajen masu wasan sunansa ful. Sunuka ta ainihi wasa ne daban. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalpur na Indiya a 1875, ana buga ta da ƙwallo 22: jajaye 15, masu launi shida, da fara ɗaya. Teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, shida a faɗi. Ita ce ake gasar duniyarta a zauren Crucible na birnin Sheffield tun 1977.

Teburin ful kuwa yakan zo ƙafa 7, 8 ko 9. Mai ƙafa 7 filin wasansa kusan santimita 198 ne da 99. Mai ƙafa 9, wanda ƙwararru ke gasa a kai, santimita 254 ne da 127. A baki, bambancin ƙafa biyu ne kacal. Amma in ka ninka tsawo da faɗi, za ka ga babban ya fi ƙaramin fili da sama da kashi 60 cikin ɗari. Teburanmu na Bagudo, Ka'oje da Illo, waɗanda kafintoci ke haɗawa da filawud, galibi ko ƙafa bakwai ɗin ba su cika ba.

Abin da ya sa gwanin ƙaramin tebur ke jin kunya a babba

'Yan injiniya da 'yan safiyo, wannan naku ne. A ce hannunka ya kauce da digiri ɗaya tak. In ƙwallo ta yi tafiyar mita ɗaya, za ta kauce wa inda ka nufa da santimita 1.7. In ta yi mita biyu, kaucewar ta kai santimita 3.5. To, ƙwallon ful faɗinta santimita 5.7 ne, bakin ramin kusurwa a teburin gasa kuma wajen santimita 11.4. Ke nan sararin da ya rage maka a kowane gefe bai kai santimita uku ba. Kuskuren da ƙaramin tebur ke yafe maka, babba ba ya yafewa: a mita ɗaya ƙwallo ta shige, a mita biyu ta daki baki ta dawo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai kuma batun farar ƙwallo. A ƙaramin tebur duk inda ta tsaya akwai abin ci kusa da kai, shi ya sa muke saba wa bugu da ƙarfi, a ji ƙara, 'yan kallo su yi shewa. A babban tebur dole tun kafin ka buga ka san inda kake son fara ta tsaya don bugu na gaba. Wanda bai iya wannan ba, kowane bugu nasa dogo ne, dogon bugu kuwa shi ne mai kuskure. Sakamakon a bayyane yake: gem ɗin da ake gamawa cikin minti goma a rumfa, a babban tebur 'yan koyo sai su share minti ashirin suna bin ƙwallo.

Ta fuskar mai tebur

Nan ne asalin kuɗin awa. Na farko, wuri. Sanda tsawonta kusan santimita 147 ne, kuma dole a bar mata sarari a kowane gefe. Teburi mai ƙafa 9 yana buƙatar ɗaki mai kimanin mita 5.5 da 4.2, na sunuka ta ainihi kuma mita 6.5 da 4.7. Ba a ajiye irin wannan a rumfar kwano. Sai ɗaki mai rufi, mai daɓe shimfiɗaɗɗe, haya kuma ba ta jira.

Na biyu, abin da ke ƙarƙashin ƙyallen. Babban tebur na kirki dutse ne a ciki, falle uku a mai ƙafa 9, falle biyar a na sunuka, wanda nauyinsa kan haura tan ɗaya. Dalilin dutsen shi ne katako na lanƙwashewa. Mu da ke bakin kogin Kwara mun san yadda filawud ke kumbura da damina, har ka ga ƙwallo na gangarawa gefe ɗaya da kanta, masu tebur su yi ta cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa. Da hunturu kuma ƙura ta cika ƙyalle, ƙwallo ta yi nauyi. A ƙaramin tebur ana lallaɓawa a haka. A babba, ƙaramar gangara ta isa ta ɓata wasan gaba ɗaya.

Na uku, kusan komai na wasan daga waje yake zuwa: ƙyalle, ƙwallaye, robar gefe, alli, kan sanda. Mu 'yan bakin iyaka mun fi kowa sanin ma'anar wannan. Hanyar da ta taso daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta bi Parakou da Kandi, ta ɓullo Segbana, sannan ta faɗo Tsamiya. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka duk ranar da naira ta faɗi, kayan da aka saya da sefa sun tashi, ko da mai shago a Binin bai ƙara ko dala ba. Mun ga rufe iyaka a watan Agustan 2019, mun ga hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban wannan shekarar, sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Babban tebur kuwa ba ya buguwa sai da fitila mai haske daga sama da fanka, a zafin Kebbi na watan Afrilu ma har da na'urar sanyaya ɗaki. In babu wuta, janareta awa yake shan mai, bai san gem ba.

Kun ga ke nan, duk abin da mai babban tebur ke kashewa da lokaci yake tafiya. In ya karɓi kuɗin gem, 'yan koyo biyu za su iya riƙe masa tebur rabin awa a kuɗin gem ɗaya.

Lissafin aljihunka

Bari mu ɗauki misali, kowa ya sa farashin unguwarsu. A ce gem naira 200 ne a ƙaramin tebur, ana yin shida a awa. In kai ne ɗan koyo, aka cinye ka biyar cikin shida, ka biya 1,000, gwanin ya biya 200. Kai ka ɗauki nauyin wasansa. In kuma akwai layi, ana bin dokar mai ci ya tsaya, to kai gem ɗaya za ka yi ka koma benci, shi kuwa yana ƙara gogewa da kuɗin mutane.

A ce kuma babban tebur naira 3,000 ne a awa. Gwanaye biyu da ke gama gem a minti goma, kowane gem ya tsaya musu 500. 'Yan koyo masu minti ashirin, 1,000. A nan ma ɗan koyo ya fi biya a kan gem. Sai dai akwai abin da yake samu wanda ba ya samu a rumfa: teburin nasa ne har awar ta cika. Ba mai korarsa don ya faɗi. Yana iya jera ƙwallo ɗaya ya maimaita bugu guda sau talatin har hannunsa ya zauna. Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya ci gasar duniya ta ful mai ƙwallo tara a 1999, yaro ne da ya tashi yana aiki a gidan wasan kawunsa a Manila, har a kan tebur yake kwana. Abin da ya samu wanda sauran yara ba su samu ba shi ne lokaci a kan tebur.

Shawarata

In nishaɗi kake so bayan lakca, ƙaramin tebur ya wadatar, amma ku daidaita da abokinka a raba kuɗi biyu ko wa ya ci. In ƙwarewa kake nema, awa ɗaya a mako a babban tebur, ku biyu, ta fi gem ashirin na hayaniya. Kada ku wuce mutum huɗu a tebur ɗaya, don rabin awarku a tsaye za ta ƙare. Ku tambayi farashi kafin a jera ƙwallo, ku duba agogo tare da mai wurin lokacin farawa, ku kuma tambaya ko akwai ragi da rana, lokacin da tebur ke zaune ba kowa. Ka gangara ƙwallo a hankali daga wannan kai zuwa wancan; in ta karkace, teburin bai kai kuɗin da ake nema ba.

Ka yanke abin da za ka kashe tun daga ɗaki. Naira 1,000 kullum, kwana biyar a mako, a zango mai mako 15, ta zama 75,000. Ɗan manomin shinkafa ko albasa ya san gumin da ke cikin kuɗin nan kafin su iso asusunsa.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duka. Da zarar wani ya ce "mu sa wani abu a kai mana, don wasa ya yi daɗi," to an bar sunuka an shiga caca, hukuncinta kuma ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. Irin waɗannan sukan bar ka ka ci gem biyu na farko da gangan. Ka ce masa kuɗin tebur kawai ka zo da su, ka miƙa sanda ga na baya.