Takalmin Farauta a Lokacin Zafi: Ba Nauyi Ne Ƙarko Ba

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, sai ka ji gangar farauta na tashi a ƙauyuka. Mafarauci kan wasa barandaminsa, ya duba gorarsa, ya ciyar da karnukansa, amma da wuya ya tsaya tunanin abin da zai sa a ƙafa. Alhali ƙafar ce za ta ɗauke shi daga hantsi har faɗuwar rana. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, ƙasar da ake takawa ta fi iskar da ake shaƙa zafi nesa ba kusa ba.

Kuskuren da aka fi yi yana farawa ne a kasuwar gwanjo. Mutum ya shiga Ƙofar Wambai a Kano, ya ga ƙaton but mai kauri, ya ɗaga ya ji nauyi, sai ya ce wannan shi ne takalmin daji. Bai san cewa da yawa daga cikinsu an yi su ne domin masu farauta cikin dusar ƙanƙara a Turai da Amurka ba. Duba harshen takalmin ko gefensa. Idan ka ga an rubuta Thinsulate, ko lamba kamar 400g ko 800g, to an cusa masa abin riƙe ɗumi ne, kamar bargo. Idan kuma ka ga Gore-Tex, akwai wani shimfiɗi a ciki mai hana ruwa shiga. Yana da amfani a damina, amma a rani yana rage fitar gumi. Ƙafafu biyu na mutum suna da hanyoyin fitar gumi kusan 250,000. In aka toshe su cikin irin wannan takalmi, fata ta jiƙe ta yi laushi, daga nan sai bororo, sai cin ruwa tsakanin yatsu. Takalmin roba na masu aikin fadama ya fi kowanne muni ta wannan fuska, don ko kaɗan ba ya shan iska.

Shi kansa nauyin yana da nasa harajin. Binciken da aka yi wa sojojin Amurka ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa da aka goya a baya. Dalili a fili yake: kaya a baya tafiya kawai yake yi da kai, amma takalmi ɗaga shi kake yi kana direwa a kowane taku. Wanda zai yini yana bin sawun zomo ko gada, rabin kilo na banza a ƙafarsa zai gaya masa kafin la'asar. Jiki magayi.

Sojojin Amurka ɗin ma sai da suka koyi darasi. A yaƙin Biyetnam sun yi amfani da but mai saman yadi, da ƙananan ramuka a gefe don ruwa ya fita, da farantin ƙarfe a tafinsa saboda tarkon tsinin gora. Da aka kai su hamadar Larabawa a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, sai ramukan suka riƙa zuba yashi ciki, ƙarfen kuma ya riƙa ɗaukar zafi yana gasa tafin ƙafa. Dole aka sake fasali, aka cire duka biyun. Wato takalmin da ya yi suna a wani daji yana iya zama azaba a wani.

To, me dajinmu yake nema? Abu na farko ƙaya ce. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya suna ratsa silifas da kambas mai siririn tafi kamar allura a tsumma. Saboda haka tafin takalmi ya zama roba mai kauri, mai zane-zanen riƙe ƙasa. Ba a nan ake rage nauyi ba, a sama ake ragewa. Mafi dacewa shi ne wanda ya haɗa fata da yadi mai ƙarfi: fata a kan yatsu da dunduniya da gefuna, yadi a wuya da harshe don iska ta shiga. Amma a guji mai raga-raga irin na 'yan gudu, domin ƙarangiya za ta manne masa, ƙura da toka su cika shi. Harshen kuma ya kasance an ɗinke shi da gefen takalmin, ta yadda tsakuwa ba za ta samu ƙofa ba. Launin ƙasa ya fi baƙi, don baƙi yana zuƙar rana.

Abu na biyu maciji. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ta fi sarar mutane a arewacin Najeriya, kuma ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe sun san cewa akasarin sara a ƙafa ne. Don haka wuyan takalmi ya rufe idon sawu, a saki wando mai kauri a kansa. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. In tsautsayi ya faɗa, asibiti za a nufa, ba tsaga ko ɗaure jijiya ba.

Wajen saye, a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za a shiga daji da ita. A bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba, dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa. Na gwanjo a lanƙwasa shi da ƙarfi, domin wasu tafukan in sun daɗe a ajiye sukan farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Safar auduga zalla tana riƙe gumi, gara mai haɗin ulu ko zaren roba, a tafi da ta canji a jaka. Sabon takalmi kuma a saba da shi a gida da gona kafin ranar fita.

Bayan an dawo, a cire shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa, ba a bakin wuta ba, don wuta tana sakin gam tana ƙeƙasa fata. Da safe a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, saboda kunama ma tana son wurin kwana. Karnuka su ne ke kama nama, amma ƙafar da ta kai ka daji ita za ta dawo da kai gida, sai a tanadar mata kafin a buga ganga.