Yadda A Ke Fara Fatsa

Kai mai karatu, ko a Gwiwa ka ke ko wani gari na ƙasar Kazaure, ba sai ɗan masunta ke kama kifi ba. Fatsa ta ishe ka.

Nemi siririyar gora kamar kamu shida, da zare mai ƙarfi, da ƙaramar ƙugiya. Ɗaura guntun karan dawa a zaren, kamu ɗaya daga ƙugiya, ya riƙa yawo bisa ruwa. Tono tana a damshin fadama, ka soka ta har ta rufe bakin ƙugiya, gama kifi ba wawa ba ne.

Kafin ka jefa, gai da Sarkin Ruwa, ka nemi izni. Tafi da sassafe ko la'asar sakaliya. Zauna shiru, kada inuwarka ta faɗa ruwa. In kara ya yi rawa, karfasa ce ke taɓawa, dakata. In ya nutse, to, fizge! Tarwaɗa kuwa tana da ƙaya dama da hagu, kama ta a hankali.

Amma tsaya a gaɓa, kada ka shiga tafki. A ruwan kwance a ke ɗaukar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini.