Daga maƙogwaro zuwa zuciya

Idan hunturu ya sauka bakin Komadugu, daga Difa har Yebi ta wajen Boso, yara da dama kan kwana da ciwon maƙogwaro. Uwaye kan ce mura ce, wasu su kira wanzami ya cire beli. Alhali wani lokaci ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira sitiraftokok, mai saurin yaɗuwa inda jama'a suka cunkushe, kamar zangunan ƴan gudun hijira da suka yawaita a jihar tun 2015.

Mako 2 ko 3 bayan maƙogwaro ya lafa, sai zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura, ciwo na tashi daga gaɓa zuwa gaɓa. Dalili kuwa, ƙwayar tana kama da naman jikin mutum, sai garkuwar jiki da ta tashi yaƙarta ta ruɗe, ta afka wa mai ita. Gaɓoɓi kan warke, amma ƙofofin zuciya na iya lalacewa har abada. Ciwon ya fi kama ƴan shekara 5 zuwa 15.

Maganin kuwa yana kusa: penisilin a gidan likita tun maƙogwaro na ciwo. Yaron da ya riga ya kamu, allura zai riƙa sha kowane mako 3 ko 4, shekaru da dama, don kare zuciyarsa. Rigakafi dai ya fi magani.