Chrysler da Fijo sun zama 'yan gida ɗaya, amma Toyota ce a titin Brik

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Briqueterie da yamma, lokacin da hayaƙin masu tsire ya fara tashi, ya ce zai ƙirga taksin da ke wucewa, zai gaji da ganin tambari ɗaya: Toyota. Na gwada ranar wata Asabar, ina zaune a garejin wani abokina makaniki. A gefenmu akwai wata ƙatuwar motar Amurka, an ɗora ta a kan duwatsu, ƙura ta rufe gilashinta har yara sun rubuta sunayensu. Injinta lafiya lau. Wani ɗan abu na lantarki ne ya ƙone, an nema a nan Yawunde babu, an aika Camp Yabassi a Duwala babu. Wata na huɗu ke nan tana jira.

Ita ta sa na koma bin labarin Chrysler, kamfanin Amurka da ya cika shekara 100 a 2025 amma ba a cikin walwala ba. Da can yana cikin manyan uku na Detroit, tare da Ford da General Motors. A 2025 kuwa, bayan an daina ƙera Chrysler 300 a ƙarshen 2023, abin da ya rage mai ɗauke da sunan shi ne motar iyali, Pacifica da ƙanwarta Voyager. Su ɗin ma a Windsor ta Kanada ake haɗa su, ga kuma harajin kashi 25 cikin ɗari da Donald Trump ya ɗora wa motocin ƙetare a Afrilun 2025.

Ba yau kamfanin ya fara leƙa kabari ba. A 1979 sai da majalisar Amurka ta amince gwamnati ta tsaya masa ya ci bashin da ya kai dala biliyan 1.5. Shugabansa na lokacin, Lee Iacocca, ya mayar da albashinsa dala ɗaya, ma'aikata suka haƙura da wani ɓangare na haƙƙinsu. Amma ni a ganina ba wannan ne ya tashe shi ba. Abin da ya tashe shi shi ne mota mai araha da ba ta shan mai, sannan a ƙarshen 1983 ya fito da ƙaramar bas ta iyali, wadda magidanci zai zuba mata da yara da kaya ya kama hanya. A 1983 ɗin ya biya bashin kaf, shekara bakwai kafin wa'adi.

Bayan nan sai aure-aure. Ya haɗu da Daimler na Jamus a 1998, aka rabu a 2007. A Afrilun 2009 ya durƙushe gaba ɗaya, gwamnatin Obama ta tallafe shi, Fiat na Italiya ya ɗauka. A Janairun 2021 aka haɗa su da kamfanin Peugeot, aka raɗa wa sabon gidan suna Stellantis.

To a nan labarin ya shigo unguwarmu. Peugeot, wato Fijo a bakinmu, ba baƙuwa ba ce. Marigayi kawuna da 504 mai dogon baya ya yi jigila tsakanin Yawunde da Bafoussam, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Abin da ya fi yabonta da shi, in ta tsaya a daji, makanikin ƙauyen da ke kusa ya san cikinta. Kuma abin dariya, a 1978 Chrysler ne ya sayar wa Peugeot reshensa na Turai don ya samu ya numfasa. Yau ga su a tukunya ɗaya.

Fijon ma ta sha nata a ƙasar Hausa. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma an yi zamanin da daga motar gwamna har ta ɗan sanda 504 ce ko 505. Faɗuwar naira bayan 1986 ta tsadar da kayan da ake shigowa da su daga Faransa, sai gwanjon Turai ya cika kasuwa. Mu ma a nan haka aka yi bayan an raba darajar sefa biyu a Janairun 1994: wa ke da kuɗin sabuwa? Gwamnatin Najeriya ta sayar da kasonta a 2006, bashi ya yi yawa, hukumar AMCON ta karɓe a 2012, aka sake sayarwa a 2020. Yanzu sunan Peugeot ya koma hannun wani kamfani daban, DPAN, wanda Dangote ke ciki tare da Stellantis, ya kuma fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Akori-kurarsu Landtrek ma da haɗin gwiwar Changan na Sin aka tsara ta.

Can Amurka fa? Tsohon shugaban Stellantis, Carlos Tavares, ya ɗauki hanyar tsuke kashe kuɗi da ɗaga farashi. Shekarun farko riba ta yi kyau, har ta kai yuro biliyan 18.6 a 2023. Sai masu saye suka juya baya, motocin Jeep da Ram suka taru a wajen dillalai. A 2024 ribar ta faɗi da kashi 70 cikin ɗari, ta koma biliyan 5.5, shi kuma ya ajiye aiki a Disamba. Wanda ya gaje shi a Yunin 2025, Antonio Filosa, ya dawo da babban injin Hemi da Amurkawa ke so a motar Ram, ya kuma yi alƙawarin zuba dala biliyan 13 a masana'antun Amurka cikin shekara huɗu. A ɗaya gefen, kamfanin yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na Leapmotor, mai ƙera motocin lantarki a Sin. Wato dai ƙafa ɗaya a fetur, ɗaya a batir.

Zai tsira? Jeep da Ram ina ganin za su kai labari, don suna da masu son su. Sunan Chrysler kansa ne nake shakka. Gida mai tambari 14 ba zai iya ciyar da kowa daidai ba, kuma wanda ya zo da mota iri ɗaya tak shi za a fara yi wa kallon nauyi. In bai sake fito da irin ta 1983 ba, wadda mai matsakaicin ƙarfi zai saya bai sayar da gida ba, to kuɗin gwamnati ko sabon aure jinkiri kawai za su ƙara masa.

Mu kam a Brik lissafin gajere ne. Direban taksi ba ya tambayar wa ya mallaki kamfani. Tambayarsa: in birki ya ƙare da safe, zan samu kafin azahar? Nawa ne? Yaron gareji zai iya ɗaurawa? Toyota ta amsa waɗannan tun tuni, motocin Sin kuma sun fara ƙwanƙwasa ƙofa da farashin da ke sa mutum ya sake kallo. Ban ga alamar Landtrek ta Kaduna za ta shigo wannan kokawar ba tukuna, sai in an fara ganin kayan gyaranta a shagunan Yawunde da Duwala.

Da na tashi tafiya na tambayi abokina me mai motar nan ya yanke. Ya ce ya ba da nan da Sallah. In kayan ba su iso ba, za a farke ta a sayar gunduwa-gunduwa, kuma tuni wani ya biya kuɗin tayoyin.