Zaƙin kankana tun daga taki ake gina shi

Da la'asar sakaliya, a kusa da Hasumiyar Gobarau, mai kankana ya tsayar da baronsa. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya fafe mini ɗan yanki. Ja wur, amma a baki lami.

Laifin ba nasa ba ne, tun a gona aka yi kuskuren. Ƙasar Katsina jigawa ce: ka zuba taki, ka yi ban-ruwa biyu, ya zurare ƙasa ya bar saiwa. Manomin rani a bakin madatsar Jibiya ko Ajiwa sai ya ƙara yuriya, tunda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, ganye kuma nan da nan yake yin shar. To, ganye ake sayarwa? Idan naitirojin ya yi yawa bayan fure, yaɗo ya cika gona, 'ya'ya su makara, zaƙi ya ragu. A lokacin nan fotash shuka take nema, shi ke taimaka mata kai sukari cikin ɗa. Kamfa 15-15-15 kuwa kai ɗaya yake ba da komai, bai san shuka ta canza buƙata ba.

Masu noma ba ƙasa, irin na rumfunan gilashi a Holan, da awo suke yi. Saiwa tana cikin zaren kwakwa ko ɓuntun shinkafa, abincinta narke cikin ruwa. Ana riƙe ma'aunin tsamin ruwan tsakanin 5.5 da 6.5. Kalsiyam yana da tankinsa daban, don idan ya haɗu da fosfet da kaurinsa sai su daskare su toshe bututu. Da ɗa ya kama, a rage naitirojin, a ɗaga fotash.

Sai dai ruwa ba ya yafiya. Ƙasar da ta sha takin shanu takan rufa wa manomi asiri ya yi kwana biyu bai leƙo ba. A noman ba ƙasa kuwa, wuta ta ɗauke da tsakar ranar Afrilu, famfo ya tsaya, kafin la'asar shuka ta yi yaushi. Ga tsadar sinadaran.

Ni dai a ganina dabarar za mu ara, mu bar tankin. A raba taki kaɗan-kaɗan, a tsaida yuriya idan ɗa ya fara girma, ban-ruwa kuma kada ya zama yau ambaliya gobe ƙishi. Wannan baƙin ruɓin da ke fitowa a gindin kankana, yawanci daga nan yake: ruwa ya yanke, kalsiyam bai isa can ba.