Gaskiya ko Jita-jita: Me Ya Raba Tauraro da Duniya?

Ido kan yi wa duk abin da ke ƙyalli a sama kuɗin goro, ya kira shi tauraro. Masana taurari kuwa halin abu suke dubawa kafin su ba shi matsayi. Ga maganganu huɗu da aka saba ji.

"Zara matar wata tauraruwa ce." Jita-jita ce. Tauraro yana samar da haskensa ne daga wutar da ke ci a cikinsa, kuma ranarmu ma tauraro ce. Zara kuwa duniya ce, ta biyu daga rana, wadda malaman hisabi ke kira Zuhura. Hasken rana take maido mana, kamar yadda wata ke yi. Gamzaki da ke fitowa da asuba ma ita ce, lokacin ganinta ne kawai ya sauya.

"An cire Fuluto daga jerin duniyoyi don ƙanƙantarta." Ba haka ba ne. A ranar 24 ga Agusta 2006, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta zauna a birnin Prague ta gindaya sharuɗɗa uku. Kafin a kira abu duniya, sai yana kewaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi ya zama mulmulalle, sannan ya fi ƙarfin duk abin da ke kan hanyarsa. Fuluto ta cika biyu, ta gaza a na uku, domin tana yawo ne cikin tarin daskararrun duwatsu a bayan duniyar Neftun. Abin da ya tilasta zaman shi ne gano Eris a 2005, wadda ta fi Fuluto nauyi. Ko dai a yi ta ƙara sababbi a jerin, ko a ja layi. Aka ja layi, duniyoyi suka koma 8, Fuluto da Eris suka shiga rukunin ƙananan duniyoyi.

"Wannan ne karon farko da aka sauya wa wani abu matsayi." A'a. Da masanin taurari Giuseppe Piazzi ya gano Ceres a 1801, duniya aka ɗauke ta. Da aka yi ta samun irinta a yankin da take, sai aka mayar da ita cikin duwatsun sararin sama.

"Kowace duniya ta fi kowane wata girma." Kuskure ne. Ganymede, watan duniyar Mushtari, faɗinsa ya haura kilomita 5,200, alhali Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, ba ta kai 4,900 ba. Wata ake kiransa saboda duniya yake kewayawa.

Har yau akwai masanan da ke ƙalubalantar sharaɗi na uku, kuma muhawarar tana da amfani. Ya kamata malamai su riƙa koya wa ɗalibai dalilin rabe-raben tare da sunayen, domin yaron da ya san dalili ba zai rikice ba ranar da sabon bincike ya sauya jerin.