Kare na jan gindi a ƙasa: ba kullum tsutsar ciki ba ce

Da karen gadi ya fara jan gindi a ƙasa yana lasar ƙarƙashin wutsiya, sai mai gida ya ruga sayen maganin tsutsa. Sau da yawa ba nan ciwon yake ba. A gefen duburar kare da mage akwai ƙananan jakunkuna 2 masu tara ruwa mai ƙarni. In suka toshe sai su kumbura, su yi mugunya, har su fashe.

Likitan dabbobi yakan fara matse su, ya wanke, ya ba da magani. Ba a zuwa tiyata sai ciwon ya yi ta dawowa ko an gano daji, sannan a cire jakar ɗungurungum. Aikin na son gwani, domin jakar na manne da naman da ke tsuke dubura. Aka taɓa jijiyarsa, kare na iya kasa riƙe kashi, wani lokaci har abada.